Injin Malam Gajere Ya Tashi, Injiniya Jafaru

Daga Allah muka fito, kuma gare Shi kowa zai koma. Da hantsin Alhamis, tara ga Janairun 2025, ina cikin aji a makarantarmu ta sakandare da ke Bakura aka kira ni a waya cewa Injiniya Jafaru Sadi Garbadu ya rasu a asibiti a Talata Mafara, bayan zazzaɓin da kowa ya ɗauka na kwana biyu ne. Na koma gaban allo, na kasa tuna abin da nake koyarwa.

Injiniya, ni da kai mun fara da faɗa. Da jami'arku ta turo ka zagaya makarantun Mafara, Bakura da Maradun domin kwaɗaitar da ɗalibai karatun injiniya, na share ɗakin taro ina jiran lacca. Sai ga ka da mataccen injin ban-ruwa a bayan mota. Ka shimfiɗa buhu, ka miƙa wa yara sifana. Ranar baƙin mai ya ɓata farin yunifom har iyaye suka kawo ƙara, ni kuwa na ce maka wannan ba jami'a ba ce, gareji ne. Dariya kawai ka yi, ka ce in riƙe maka fulogi.

Tsarinka bai taɓa canzawa ba. Kana aro injin da ya lalace a hannun manomi, ku wargaza shi da ɗalibai, ka tafi ka bar su su haɗa. Idan ka dawo, naka jan igiyar tayar da injin ne kurum. Ta haka ɗalibarmu Ikilima, wadda ko amsa tambaya kunya take ba ta, ta fara cewa ita injiniya za ta zama.

Ka rasu injin wani manomi, Malam Gajere, yana warwatse a ɗakin gwajinmu, albasarsa ta rani kuma tana jiran ruwa. Bayan addu'ar uku ya zo, ya yi mana gaisuwa mai tsawo, sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ku gafarce ni, albasa ba ta jira. In yaran ga ba su iyawa, in kai ma bakanike."

Na so in ba shi. Tsoro nake su gwada su kasa, su yanke cewa aikin ya bi ka kabari. Ikilima ce ta roƙe shi ya ƙara musu yini ɗaya. Sun haɗa, sun kwance, sun sake haɗawa, domin sun sa wani ƙarfe a juye. Da aka gama, duk suka ja da baya, kowa na kallon igiyar, don ba a taɓa jan ta babu kai ba. Daga baya Ikilima ta kama. Injin ya yi tari, ya mutu, ta sake ja, ya tashi. Babu wanda ya tafa. Malam Gajere ya rufe fuska da hularsa, ni ma na kasa riƙe kuka a gaban ɗalibaina.

Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarka Hajiya Taibatu, da maiɗakinka Hindatu, da 'ya'yanka. Allah Ya ba su haƙuri, Ya sa duk abin da hannun yaran nan zai gyara ya riske ka a matsayin lada.