Babur ɗin Baba Mai Kafireto Biyu

Babur ɗin da mahaifinmu ya bari, Allah ya jiƙansa, mai kafireto biyu ne, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Da shi ya yi shekaru yana kai gishiri da taki Riruwai. Idan biyun ba su zuƙi iska daidai da juna ba, sai injin ya yi ta tari yana karkarwa, ya mutu a hanya. Haka babur ɗin ya koma bayan rasuwar Baba.

Yayana ya ce a sayar wa 'yan gwangwan. Na ce sai dai bayan raina. Kawunmu ya yanke hukunci: in ya gyaru ya zauna a gida, in bai gyaru ba a ɗora shi a sikeli.

Na samo siririn tiyo irin na ƙarin ruwa, na lanƙwasa shi, na ɗura baƙin mai kaɗan, na maƙala kowane baki a wuyan kafireto guda. Wanda ya fi zuƙa, man ɓangarensa ne ke hawa, sai a juya sukuru a hankali har su tsaya kai ɗaya. Aikin mutum ɗaya ne.

Bayan la'asar na yi bisimilla, na tayar da injin a tsakar gida, na tsuguna a hagu. Sai ga Yaya da tasa sukudireba, ya tsuguna a dama.

"Yaya, don Allah bari in gama."

"Kai ɗin? Hannun da bai san komai ba sai alƙalami da tawada? Baba da kunne yake saitawa."

"Ai ba a ba ka kunnen a rabon gado ba."

Ya harare ni, ya murɗa sukurun ɓangarensa. Man ya hau. Na juya nawa na sauko da shi. Ya ƙara murɗawa. Injin yana ta ihu, matanmu suna leƙe. Can ya yi wa sukurun juyi mai ƙarfi, kafiretonsa ya zuƙe man tas, hayaƙi ya turnuƙe gidan, babur ya yi tsit.

Daidai nan Kawu ya yi sallama. Na ce fulogi ne kawai ya jiƙe, a bar ni in wanke.

"Na gani da idona," in ji Kawu.

Yaya yana gefe yana goge sukudirebarsa da gefen riga, bai ko kalle ni ba. Ya san aikin tiyon sarai.

'Yan gwangwan suka zo da amalanke suka tafi da shi. Har yau muna gaisawa da Yaya, don addini ya hana gaba. Iyakarta ke nan.