Sauda da Farantin Rubutu

A unguwar Cheras ta Kuala Lumpur, cikin wani dogon bene da baƙi suka fi yawa, ɗaliban Najeriya sun san Sauda da tuwon shinkafa da miyar taushe. Mutuniyar Rano ce. Aure ya kai ta Kuala Lumpur, inda mijinta Abdulwahidu yake karatun digiri na uku. Ita kuma tana girki tana zubawa a robobi, samari su zo tun daga unguwar Wangsa Maju mai nisa su ɗauka. Mace ce mai ƙarancin magana da yawan lura. Ɗanta ɗaya, Haidar.

Haidar bai cika shekara uku ba ya fara karatu, ba tare da kowa ya koya masa ba. A cikin lif ya soma. Ya ɗaga kai ya karanta gargaɗin hana shan taba da Malayanci, tiryan-tiryan. Daga nan sai kwalin madara, sai lambar mota, sai allon kanti, Turanci ko Malayanci duk ɗaya ne a wurinsa. Matan Hausawa suka sa masa suna Malam Ƙarami.

"Maman Haidar, ara mana shi mana, lah," in ji Fatsuma, maƙwabciyarta, wadda bakinta ya kama "lah" ɗin da Malayawa ke ƙare magana da shi. "Ya zauna wa maigidana jarrabawa, ko ma samu mu koma gida kafin na yi furfura."

Sauda takan yi dariya tare da su, amma ta san abin da ba su sani ba. Yaron ba ya amsa sunansa. In ta ce, "Kana son ruwa?" sai ya ce, "Kana son ruwa?" Ranar da ya taka garwashin turaren wuta bai zo wurinta ba. Lungu ya koma da kwalin madarar da yake karantawa. Sai wajen wanka ta ga tafin ƙafar ya tashi.

A nan ta tuna yayanta Halliru. Shi ma bai taɓa cewa ga inda yake masa ciwo ba. Yakan wuni a zaure yana jera tsakuwa, mutanen gida suna cewa iska ce. Da aka lura cikinsa ya kumbura, lokaci ya riga ya ƙure. Har yau ba wanda ya san tun yaushe yake fama. Wannan shi ne tsoron Sauda: kada ciwo ya ci Haidar a gabanta tana tuƙa tuwo.

Farkon shekarar 2020 mahaifin Abdulwahidu ya rasu, ya tafi Kano ta'aziyya. Kafin ya juyo aka rufe iyakoki saboda annobar da ta ɓarke. Samari suka daina zuwa, titi ya mutu, sai jiniyar motar asibiti jefi-jefi. Haidar ya koma karanta rubutun da ke gudu a ƙasan talabijin, adadin masu cutar da na waɗanda suka mutu, da irin muryar mai karanta labarai. Da wani tsoho ɗan ƙabilar Sin ya rasu a hawa na ƙasa, aka manna sanarwa a bakin lif. Sau ɗaya Haidar ya gan ta. Kwana da kwanaki Sauda tana kicin tana jin sunan mamacin yana fitowa daga falo, a bakin yaron da bai taɓa ce mata Mama ba.

Surukarta Hajiya Bintu ta ji shi ta waya, ranar da suke gaisawa ta bidiyo.

"Sauda, ni tambaya ɗaya nake yi. Yaron da ba a sa a makaranta ba, wa yake koya masa?"

"Hajiya, baiwa ce fa," in ji Abdulwahidu daga bayan mahaifiyar tasa.

"Baiwar da ba ta gaida kaka? Rufe mini baki. A yi masa rubutu ya sha."

Sauda ba ta yi musu ba, ita ma da rubutu ta girma. Sai dai babu allo a Cheras. Maitama, wani ɗalibi mahaddaci da ke hawan sama, ya rubuta ayoyin da za'afaran a kan farin faranti. Ya ajiye a bakin ƙofa, ya ƙwanƙwasa, ya ja da baya yana gyara takunkumi.

Haidar ya ga farantin ya saki kwalinsa. Bai san baƙaƙen Larabci ba. Ya durƙusa, yatsansa yana bin layin a sama-sama, leɓɓansa suna motsi babu sauti. Sauda ta yi bisimilla ta zuba ruwa. Baƙaƙen suka narke, ruwan ya zama rawaya.

Ihun da ya yi, ba ta taɓa jin irinsa ba. Ya cafke wuyan hannunta, ya dubi tsakiyar idonta, ya ce, "A'a!"

Ba maimaici ba ne, ba wanda ya faɗa kafin shi. Sauda ta zauna a ƙasa. Wuta ta ƙone shi bai neme ta ba, amma an goge rubutu ya zo.

Da ya huce ta ba shi ya sha, ta sanar da Hajiya an yi. Washegari ta ɗauki alƙalami ta rubuta RUWA a jikin takarda, ta jingina da kofi. Fatsuma ta haɗa ta da wata Malayiya mai koya wa yara magana, suka riƙa ganawa ta bidiyo. Matar ta ce abin yana da suna, hyperlexia: karatun yaro ya yi wa fahimtarsa nisa. Ta ce yana bukatar cikakken gwaji in an buɗe gari. Kafin nan, kada a hana shi rubutu, kada kuma a mai da shi abin kallo. A rubuta masa tambaya, a rubuta masa amsa, gajeru, a nuna masa abin da hannu.

Sauda ta yayyanka kwalayen madara ta yi katuna, ta rubuta kalma ɗaya a kowanne. ƘAFA, ta taɓa ƙafarsa. CIKI. KUNNE. Da ya buge goshi a tebur, ta ruga ta kawo CIWO tun kafin zafin ya wuce.

Abin bai tafi daidai ba. Haidar ya ƙaunaci katin CIWO, kullum da safe sai ya kawo mata shi. Kullum sai ta tuɓe shi ta duba daga kai har yatsun ƙafa, ta danna cikinsa, ba ta ga komai ba. Fatsuma ta ce, "Wasa yake da ke." Sauda ba ta fasa dubawa ba.

Wata safiya, bayan watanni, ya kawo kati biyu ya jera a cinyarta: CIWO, KUNNE. Jikinsa ba zafi, ya ma karya kumallo. Ta tsaya tana tunanin shingen ’yan sanda da layin asibiti da cutar da ke yawo a gari. Sannan ta ɗaura masa takunkumi, ta goya shi.

Likitan ya haska kunnen hagu, ba komai. Ya haska na dama, ya daɗe.

"Ya fara kumbura ta ciki," in ji shi. "Kin zo da wuri. Yaya aka yi kika gane?"

Sauda ta dubi ɗanta. Haidar yana zaune a cinyarta yana karanta wa bango ƙa'idojin wanke hannu.

"Shi ya faɗa mini," ta ce.