Alhaji Sufa da Bijiman Dapango

Yayana Alhaji Mumuni bai taɓa yarda a zuba wa motarsa esansi ba sai ya sansana bakin tiyo tukuna. Ku mutanen Zangon Sokode kun gani da idonku. Zai fito daga Marsandinsa, ya tattare babbar riga, ya karɓi tiyo a hannun mai famfo, ya kai hanci ya lumshe ido kamar mai tayin man shanu.

Mai famfo ya ce, "Alhaji, sufa ne fa, ga shi a rubuce."

Ya ce, "Rubutu naka, hanci nawa."

Mai iri biyu ake sayarwa a lokacin, sufa mai tsada da odinar. Wani ɗan lakwal, wato ɗan boko, ne ya taɓa gaya masa wai odinar na nufin gama-gari, tun daga ranar ya ɗauki kalmar zagi. Shi ya sa sunan Alhaji Sufa ya bi shi har kabari. Motar kuwa Hajiya yake ce mata. Ni da muka sha nono ɗaya, na je Makka na dawo da haƙorin zinariya, Lami nake a bakinsa har ya koma ga Allah.

Mutumin nan fa shi ne mai fasa goro gida huɗu, ya ba baƙo ɗaya, ya mayar da sauran aljihu. Wata rana na kasa haƙuri na ce, "Yaya, mu jikokin fatake ne, ubanmu da garke ya bar mu. A gidanka ana miya tsirara, ƙarfe na shan mai tsada?"

Ya ce, "Lami, ke in kin ci abin da bai karɓe ki ba, kya faɗa. Ita baiwar Allah ba ta da baki."

Na ce, "Ai matanka suna da baki."

Ya ce, "Shi ya sa ba na jin tausayinsu."

Sai ƙasa ta rikice, samari na ƙona tayoyi suna neman demokaraɗiyya, sojoji na bin su. Ran nan samarin suka gindaya gungume a hanyar kasuwa, suka tsayar da shi. Suka ce, "Baba, ka ce demokaraɗiyya ka wuce."

Ya sauke gilashi kaɗan, don kada hayaƙi ya shiga wa Hajiya. Ya ce, "Wannan demokaraɗiyyar taku, sufa ce ko odinar?"

Suka dubi juna. Ɗaya ya ce, "Ta kowa da kowa ce, Baba."

"To, odinar ke nan. Allah ya ba da sa'a."

Suna dariya suka janye masa gungumen.

Da aka shiga dogon yajin aiki, tankokin mai suka daina hawowa daga Lome. Famfuna suka bushe, sai man kwalba da ake tsallakowa da shi ta kan iyaka. Yaya ya lulluɓe motarsa da tampol, duk wanda ya tambaya sai ya ce Hajiya ta shiga halwa.

Ana cikin haka maganar auren ɗana Salifu ta zo wuya. Maraya ne, Yaya ne waliyyinsa. Yarinyar, Adiza, 'yar Zangon Dapango ce, sun daɗe suna son juna. An yi ta ɗaga ɗaurin aure saboda rikici har ubanta ya gaji, ya aiko cewa in ba a gan mu ran Juma'a ba, za a maido mana goronmu. Na ce mu nemi motar haya. Yaya ya ce gidanmu ba ya zuwa neman aure a bayan akori-kura, ai da sauran sufa a cikin Hajiya, ga kuma jarka a ƙarƙashin gadonsa.

Muka kama hanya, shi a sitiyari, Malam Idi limamin unguwarmu a gefensa, ni a baya da huhun goro. Kowace gangara sai ya kashe inji. Muka wuce Kara, muka wuce Mango, shinge bayan shinge. Muna hango rufin kwanon Dapango Hajiya ta yi tari ta tsaya, rana kuwa ta take tsaka.

Ga wata mata can bakin hanya da kwalabenta a jere. Malam Idi ya gyara murya ya ce, "Alhaji, ko shari'a ta ce in babu ruwa a yi taimama."

Yaya ya karɓi kwalba ya miƙa masa. "Malam, taimama da ƙasa mai tsarki ake yi. Sansana wannan ka ba ni fatawa."

Na ce, "Yaya, auren marayan nan zai mutu a kan hancinka."

Ya faɗa gona, wajen wani manomi Bamobe, ɗan ƙabilar yankin, da ke huɗa da bijimai biyu. Da hannu da guntun yare suka daidaita a kan haya, aka ɗaura igiya a gaban mota. Haka muka shiga Dapango, bijimai a gaba, manomi da sanda, Yaya ya miƙe wuya a sitiyari, har sigina yake kunnawa a kowace kwana. Ni dai na ja mayafi na rufe fuska.

Muka isa ƙofar gida daidai an sauko daga masallaci. Maroƙi na hango mu ya ɗaga murya: "Jama'a ku ga arziki! Mutanen Sokode sun zo da bijimai biyu a gaba, Marsandi a baya!" Mata suka ɗauki guɗa. Kafin a kwance igiya mahautan Zango na shafa tozo. Uban yarinya, da ya kwana da fushinmu, ya rungume Yaya yana cewa, "Alhaji, wannan ɗawainiya ta yi yawa."

Manomi na tsaye yana jiran shanunsa. Kalma ɗaya ce za ta fid da Yaya, ya ce haya ce. In ya faɗe ta, Dapango za ta yi mana dariya har jikoki, surukin kuma ban san inda zai faɗi ba.

Yaya ya ce, "Ba komai, Alhaji. Ɗan abin miya ne."

Ya ja manomi bayan gida. Bamoben ba wawa ba ne, ya ji guɗa, ya san inda aka kama mutum. Sai da Yaya ya yarda ya bar shi ya zaɓi shanu huɗu a garkensa na Gando. Aka shafa fatiha, Zango ta ci nama har ta raba wa maƙwabta.

Hajiya ta zauna ƙarƙashin mangwaron suruki sai da tankoki suka dawo. Mu kuwa a kan buhunan albasa muka koma Sokode. A hanya na ce, "Yaya, da kwalba biyu ba su fi maka sauƙi ba?"

Ya ce, "Lami, shanu na haihuwa. Kin taɓa ganin inji ya haihu?"

Har ya bar duniya bai taɓa yi wa Salifu gorin shanun nan ba. A ciwonsa na ƙarshe kuma kunun Adiza kaɗai yake iya sha, ita ce ta riƙa tallafe masa kai. Allah ya jiƙan Yaya, ya yafe masa taurin kansa, ya tsaya masa ranar tsayuwa kamar yadda ya tsaya wa marayana.