Rabon Kawu Eilif a Tsohuwar Hanya

Kawuna Eilif bai taɓa yarda cewa hanyar kwarin Urdal ta gwamnatin Norway ce ba. Asalinta turbar dawakai ce, ta masu hawo da gishiri daga bakin teku. Da aka faɗaɗa ta, sai aka raba wa gidajen gona aikinta, aka kakkafa duwatsu a gefe. Daga wannan dutse zuwa na gaba rabon gida ɗaya ne, su cike rami, su yashe lambatu, su kwashe dusar ƙanƙara. An daina wannan tun kafin a haifi Kawu, amma je ka gaya masa mana! Har aka zuba kwalta, motar hukuma na share ƙanƙara, shi dai kullum yana tsakanin duwatsunsa biyu da shebur da baro.

Matarsa Gunvor takan leƙo ta taga ta ce, "Kai bawan hanya, kofinka ya huce!"

Shi kuwa ya ce, "Bar shi, ai hanya ba ta yi mini mita kamar wasu."

Haka suka tsufa, ba ɗa ba jika. Maƙwabta suka yi ta komawa gari, gidaje suka zama kufai, su biyu suka rage.

Da aka zo yin sabuwar hanya miƙaƙƙiya, ta cikin gonar ciyawarsa ta biyo. Na ce masa, "Kawu, kar ka sa hannu sai sun yi maka mashiga zuwa gida."

Ya dube ni sheƙeƙe. "Ke Tordis, yaushe aka haife ki? Gidan nan ya riƙe hanya tun kakana. Hanya ba za ta yar da mu ba."

To, ta yar da su, wallahi ko waiwaye babu. Aka fasa babban dutsen da ke ƙasan gidansa, sabuwar ta wuce can ƙasa cikin rami mai shingen ƙarfe, ko akuya ba za ta sauka ba balle tsoho mai ciwon ƙugu. Tsohuwar hanyar kuma aka cire ta daga hannun hukuma, wai ta zama ta masu gida. Masu gida! Su waye, fatalwa?

A shekarar ne hankalin Gunvor ya fara gushewa, aka kawo ta gidan tsofaffi a gari, inda nake aiki. Ba ta gane kowa, kuma ba ta karɓar abinci sai daga hannun Kawu. Kullum yakan tuƙo tsohuwar motarsa ya ba ta kunun alkama cokali-cokali, tana ce masa bawan hanya.

Sai ƙanƙarar farko ta sauko, irin mai binne shinge. Kawu ya buga wa ofishin hanya waya, suka ce ba ruwansu. Na kira shi, ya ce, "Kar ki damu, 'yar nan, na fara share nawa rabon. Ki ce mata ina tafe."

Gunvor ta datse baki. Na lallaɓa, na roƙa, har hularsa da ya bari a ɗakinta na sa ko za ta ruɗe, ina! Ta kau da kai bango. Na yi ta bin masu tarakta su buɗe masa hanya, kowa na fama da ƙofar gidansa. Ranar da na samu wani ya yarda, da safen nan ta cika.

Ban iya faɗa masa a waya ba. Na hau taraktan, muka yi ta turawa, muna wuce gidajen da ba hayaƙi, ina zagin duk wanda ya zana sabuwar hanyar nan a zuciyata. Kwatsam sai ƙanƙara ta ƙare. Ga kwalta baƙa wuluk, a share tas, har da yashi an barbaɗa saboda santsi, daga dutse zuwa dutse. Gaba da baya kuwa ƙanƙara ce har ƙirji.

Kawu na tsaye jikin dutsen, sanye da kwat ɗinsa ta zuwa coci, tafin hannunsa duk ya sale. Motarsa na bayansa a kunne, ta fuskanci gari. A kan kujera ga tukunyar kunu naɗe da tawul.

Ya ce, "Kin gani? Ai na san wani zai share nasa." Sai ya ɗaga kai ya dube ni. "Ta dai ci wani abu ko?"