Ruwan Ɗauraya

"Ai ni na gani tun tuni, 'yata," in ji Baba mai wankin kwalabe.

Sabuwar malamar ɗakin binciken ta ɗago kai. Yanzun nan ta gano cewa shuɗin hasken da marigayi Farfesa ya shekara tara yana nazari ba daga ƙwayoyin gawayin da yake fasawa a cikin ruwa da hasken leza yake fitowa ba. Da ta tace su, haske ya zauna a ruwan, ƙwayoyin kuwa baƙi ƙirin.

Shekara ashirin Baba yana bakin famfon nan, har sabulu ya cinye masa yatsu. Ya ce wata rana ya wuce da bokitin ɗauraya ta ƙarƙashin fitilar gwaji, ya ga ruwa garau yana walƙiya.

"Ba ka faɗa masa ba?"

"Ni da na tsaya a aji huɗu? Mutumin da ke riƙe mini ƙofa in na ɗauko kaya? Nauyinsa na ji. Sai na zubar."

"Da ya saurare ka, Baba."

"Na sani. Shi ya fi ci mini rai."

Ya goge ido da bayan hannu, ya ɗauki makulli, ya nufi sito don ci gaba da aikinsa.