Wuƙar Modestino

Modestino bai taɓa mallakar ko taku goma na gona ba. Dukiyarsa wata 'yar wuƙa ce mai ƙotar zaitun, da ita yake aurar da inabi: ya sare kan kuringa, ya tsaga kututturen, ya soka reshen wata, ya ɗaure, ya shafe da laka. A duk tsaunukanmu na Irpinia, in aka ce hannunsa ya taɓa itace, ba a tambaya ko zai kama. Wannan suna shi ne abincinsa, shi da matarsa Consiglia.

Irin inabin da ake kira Aglianico ya fi so, don halinsu ɗaya. Inabi ne mai taurin kai. Kowa ya gama girbi ya wanke kwanduna, shi yana nan rataye, sai sanyin Nuwamba ya fara cizon yatsu sannan ya yarda ya nuna. Giyarsa in sabuwa ce bauri ne zalla, sai ta shekara goma a ɗakin ƙasa take sakin fuska. Tsofaffi sun ce Girkawa ne suka kawo shi ta teku. Sun ce da ƙwaro ya cinye saiwar inabin arewa, jiragen ƙasa sun yi ta kwasar giyarmu ana yi wa ta mutanen can ƙarin jini, ba ko sannu.

Bayan wata babbar girgizar ƙasa da aka yi a yankinmu, wani lauyan Napoli, Don Ettore, ya gaji gonar kakansa: kuringa tamanin, kowace ta fi cinyar ƙato kauri. Ya zo da farin takalmi yana tsallake kashin awaki.

"Kai ne mai wuƙar? Sare min kawunan tsofaffin nan, ka aura musu inabin Faransa. Giyarsu sai dai a jeme fata da ita."

"Ranka ya daɗe, waɗannan sun ga bikin kakanka."

"To sun gani ya isa. In hannunka ya tsufa, katafila ba ta tsufa ba."

A gida Consiglia ta ce, "Maigida, yi abin da aka sa ka. Tausayin itace ba ya dafa taliya."

Ya sare su kuwa. Amma damin rassan Faransa da aka aiko, a tanda ya cusa shi, aka gasa burodi. Kowace kuringa ya aura mata reshen jikinta.

Shekara biyu asiri a rufe, don lauya bai san bambancin ganyen inabi da na kabeji ba. A ta uku ya zo a Satumba, lokacin nunar na Faransa, da baƙi mota biyu. Wata baƙuwa ta tsinki ƙwaya ta tauna, ta ji ɗanya ce, ta tofar a gefen farin takalmin. Maƙwabta, waɗanda tun fitar ganyen farko suka gane suna ta dariya a ɓoye, su ne suka yi rige-rigen faɗa masa.

"Ɓarawo ya fi ka," in ji lauya. "Shi ko ba komai ya san abin da yake so."

"Ka dawo Nuwamba, ranka ya daɗe. Bai saba a tashe shi da wuri ba."

Lauya bai kai shi kotu ba. A bakin coci ya tsaya ran Lahadi ya ba da labari, shi ke nan. Masu dariyar jiya suka ce, wanda ya yi wa lauya haka, mu fa? Ba wanda ya ƙara kiran Modestino. Wuƙar da ta aurar da rabin tsaunin nan ta ƙare a ɓare gyaɗar kurmi a bakin ƙofa, har mai ita ya rasu.

Gonar kuwa, lauya ya yi fushi ya manta da ita, tsofaffin suka ci gaba da haihuwa. Bayan shekara ashirin iskar birni ta juya, kowa sai Aglianico. Yau jikokin lauya suna zagayawa da baƙi suna shafa kututturen, daidai tabon wuƙar. Giyar ta yi kyau, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Bara na kai wa Consiglia kwalba ɗaya ta giyar. Idonta ya dushe, ta ce in karanta mata takardar jiki. Na karanta: tsofaffin kuringu, waɗanda zuriyar gidan Don Ettore ta riƙe da amana.

"Sunan maigidana yana ciki?"

"Babu, Inna."

Ta ture kofin giyar da na zuba mata da bayan hannu.

"Zuba min ruwa."