Duron Fetur da Ya Ƙaru a Hannuna

Na ga abubuwa da yawa a duniya, yawancinsu na bar su sun wuce. 'Yan bindiga sun kore ni daga ƙauyenmu a gefen Bena da riga ɗaya a jikina, wannan ma ba na tayar da zancensa. Amma maganar duron fetur ɗin nan, ko na so in manta ba zai yiwu ba, don har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Da na dawo Zuru na sami aikin gadi a gonar wani Alhaji, babban manomin shinkafa, can bayan gari. Kusa da shi aka ba ni aron fili na shuka dawa. Ita ce kaɗai abin da muke da shi, ni da matata da 'ya'ya biyar. A shekarar dawa ta yi kyau. Tana fara ƙosawa sai jan-baki suka sauko. Tsuntsaye ne ƙanana, amma in sun taso sai su tare rana, in sun sauka a gona kafin ka gama ihu sun bar maka kara.

Alhaji ya ɗauko hayar wani ƙaramin jirgin sama mai feshi, aka share masa wurin sauka a gefen gona. Matuƙin wani dogon mutum ne mara yawan dariya, Kaftin muke ce masa. Jirginsa fetur ɗin mota yake sha, amma shi da kansa yake zaɓen gidan man da zai saya, kuma sai ya tace kafin ya zuba. Kwana biyu ya yi yana feshe kurmin da tsuntsayen ke kwana, suka ragu, duk manoman wajen muka huta.

Da zai tafi, duro ɗaya ya rage, an ɗan taɓa shi kaɗan. Ya sa muka kai shi rumfa, muka ɗora a kan katako. Ya zura sanda ciki, ya zaro, ya yi mata alama da wuƙa.

“Baba,” in ji shi, “kada rana ta buge shi, kada ruwa ya zauna a kan murfin, kada kowa ya buɗe. In tsuntsaye suka dawo, da wannan zan tashi.”

Na ce na ji. Kuma wallahi na ji.

Mako bai cika ba aka shiga wahalar mai. Gidajen mai suka bushe, sai 'yan bumburutu masu sayarwa a kwalba a bakin titi, su ma sai ka yi sa'a. Gari duk ya san akwai duro a hannuna.

Wanda ya fara zuwa neman mai maƙwabcina ne. Maciji ya sari matarsa a gona, babur babu mai, asibiti da nisa. Wannan ban tsaya tunani ba, na zuƙo masa galan ɗaya da tiyo. Ko yau aka maimaita zan ba shi. Bayan kwana uku ya dawo da galan cike, da kwalba ɗaya a kai. Haka muke yi a wajenmu, in ka ari mudun hatsi ba ka mayar da shi a shafe, sai da tozo. Na juye a duro na rufe. A ganina an gama.

Ashe an fara ne. Washegari sai ga surukina, wanda na yi wa noman gulmo shekara bakwai kafin ya ba ni 'yarsa. Ya ajiye jarka a gabana ya zauna.

“Baba, na jirgi ne,” na ce.

“Jirgin yana nan?”

“Ba ya nan.”

“To mai na zaune, babur na zaune, ni kuma in taka zuwa Danko da ƙafa? Ka ba ɗan wani, ni ne za ka karanta wa doka?”

Na ba shi. Bayansa Fasto ya aiko saboda janaretan coci. Ƙanen Liman ya ji an ba Fasto, ya ce to su ma suna da janareta. Mai injin niƙa ya zo da mata huɗu a bayansa riƙe da kwanukan hatsi. Ko mutum ɗaya bai cuce ni ba. Kowa ya mayar, kowa da ƙarinsa. Amma daga bakin titi suka sayo, a jarkokin da jiya an zuba musu kananzir, shekaranjiya baƙin mai. Wani man ja, wani fari, wani yana wari daban. Ina gani. Na ce a raina ai fetur fetur ne. Ban yi makaranta ba, amma wannan ba rashin makaranta ba ne, kunyar mutane ce ta rufe mini baki.

A mako na uku tsuntsaye suka dawo, sun fi na da. Alhaji ya kira Kaftin, ya sauko da hantsi da ɗan man da ya kawo shi kawai. Manoma suka cika wurin, har da surukina. Daga inda nake tsaye ina hango dawata, jan-baki sun fara yi mata rumfa.

Kaftin ya zura sandarsa ya zaro. Mai ya wuce alama da yatsa uku. Ya dubi sanda, ya dube ni.

“Baba, fetur yana haihuwa ne a garinku?”

Mutane suka fashe da dariya. Shi ma ya murmusa, ya ce ƙila shi ne ya yi alamar a karkace, a kawo tiyo, lokaci na tafiya. Surukina ya matso ya taka mini ƙafa. “Ka yi shiru,” in ji shi a hankali, “duro a cike yake, me kuma ake nema?”

Na dubi dawata. In jirgi ya tashi yau, ta tsira. Na dubi mutumin nan yana ɗaura tiyo da hannunsa, bai san kome ba. Na taɓa ganin gawa da yawa, ban so a ƙara ɗaya da hannuna a ciki.

“Kaftin, tsaya,” na ce. “Rabin man nan ba naka ba ne.”

Na faɗa masa duka, ban ambaci sunan kowa ba. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ɗebo daga ƙasan duro a kwalba, ya ɗaga ta sama, muka ga ruwa kwance a gindinta. Ya ɗiga man a farar takarda ya bar ta ta sha iska. Ya ce fetur mai kyau bushewa yake ya tafi. Wannan ya bar tabon maiƙo kamar an naɗe ƙosai da ita.

“Kananzir,” in ji shi. “Baba, da na tashi da wannan, a kan gonarku za ku tsince ni.”

Sai wuri ya kaure. Ba wanda ya ce Allah ya kiyaye. Mai injin niƙa yana cewa shi har kwalba biyu ya ƙara. Ƙanen Liman yana rantsuwa nasa mai kyau ne, sai dai a tambayi na coci. Surukina ya karkaɗe rigarsa ya ce, “Yau ka mai da ni ɓarawo a gaban jama'a,” ya hau babur ya tafi.

Kwana huɗu jirgi yana ajiye kafin a samo mai daga Kontagora. Ni da matata da yara muka yini muna kaɗa gwangwani a gona har muryarmu ta dushe. Dami uku na ɗaure a gonar da na sa ran arba'in. Alhaji ya sallame ni, ban ga laifinsa ba. Ya ce a kwashe duron daga gonarsa, waɗannan mutanen dai suka raba man a tsakaninsu.

Abin da ya fi ci mini rai, har yanzu in mun haɗu a kasuwa sai wani ya ce, “Ai man nan baburanmu sun sha lafiya lau, kai ne ka ja mana asara.” Amsata ɗaya ce: babur in ya mutu sai ka sauka ka tura, wanda ke sama ina zai sauka?

Mun ci rogo a shekarar, ba wanda ya mutu, Kaftin ma ya koma gidansa da ƙafafunsa. Abin da na koya shi ne, a'a tana da lokacinta. Da na faɗe ta ranar da surukina ya ajiye jarka, fushinsa kaɗai zan sha. Na bari sai da jirgi ya sauka, na sha fushin, na kuma rasa dawar.